Kunnen Ɓauna

Sun gayyace ni Da Nang in yi lacca.
Na zo da takarda shafi goma sha biyu
da furfurar shekara talatin a teburin zane,
ban san ɗan kada zan koya wa iyo ba.

Lifta ta lalace. Muka taka bene hawa bakwai,
Khôi tafinta yana gaba, yana ba ni haƙuri a kowane hawa.
Can ƙasa babura sun yi dafifi kamar kiyashi,
kowa cikin rigar leda, ruwa na zuba ba fashi.

Ɗaki ɗaya, mutum sittin, ba mai ko tari,
fuskoki sun yi shuɗi da hasken allo.
Babbansu bai kai ɗan autana ba.
Bara, in ji Khôi, su goma sha tara ne,
sai aka fasa bango, aka haɗa da shagon tela.
Har yau ana tsintar allura a tsagar daɓe.

Na tsaya bayan wata, Tuyết sunanta.
Kwana tara tana fama da kunnen ɓauna:
ƙuda ya sauka, kunne ya kaɗa, ƙuda ya tashi.
Daƙiƙa biyu ke nan in an haska.
Na ce ya yi kyau. Ta girgiza kai.
Ta ce ɓaunar kakanta ba ta da garaje,
sai ta auna maganar tukuna, kamar alƙali,
sannan ta kaɗa.

Da rana aikin wasu suke yi, na ƙetaren teku:
jarumai masu tashi sama, kyanwa mai tuƙa jirgi.
Sunayensu na zuwa can ƙarshen fim,
ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
lokacin da mai shara ya riga ya shigo da tsintsiya.
Ɓaunar kuwa tasu ce.
Bayan tara na dare ake fito da ita,
in miyar taliya ta huce a kwano,
in mai kuɗi ya yi barci a wata nahiya.

Na yi laccar. Na faɗi nauyi, na faɗi numfashi,
na ce hoto ashirin da huɗu ke cika daƙiƙa,
abin da suka sani tun kafin su yi gemu.
Suka tafa don ladabi.
Wani siriri a baya, Lãm, ya ɗaga hannu:
ga inji ya zo mai zana dubu kafin ƙiftawa,
shin in ci gaba da biyan kuɗin makaranta?

Na buɗe baki. Na duba shafi na goma sha ɗaya.
Babu.
Na ce wani abu game da zuciya,
Khôi ya fassara, ya fi nawa gajarta,
ina zaton ya rufa mini asiri.

Da za mu sauka, Tuyết ta tare ni a bakin bene
da kofi mai ƙanƙara da tambaya guda:
a garinku, yaya tsoho yake zama?
Gwiwa ce ke fara sauka, ko hannu ke neman ƙasa?
Ubana ya zauna gabana sau dubu nawa,
ban taɓa kallo ba.

A masauki na juya takardar laccar,
bayanta fari ne, ya fi gabanta amfani.
Na zana gwiwa, na goge. Na zana hannu.
Asuba ta same ni a hoto na shida,
tsohon yana rataye tsakanin tsaye da zaune.
Da na leƙa taga, can tsallaken kogi,
hawa na bakwai bai kashe fitila ba.